Yadda Na Yi Renon Yaɗiya a Jos

Yaɗiya ba ganyen Jos ba ce. Ka zaga kasuwar Farin Gada tun daga layin masu tumatir har wajen masu kabeji da karas da koren wake, za ka samu alayyafo, ka samu rama da yakuwa, zogale ma ana kawowa, amma in ka ce a ba ka yaɗiya sai mai kaya ya dube ka ya tambaye ka mece ce haka. Waɗanda suka san ta mutanen can arewa ne, Katsina da Daura da Sakkwato, sai kuma 'yan'uwanmu na Nijar. A can ɗin ma ba kowa ke shuka ta ba. Da kanta take fitowa a jigawa, ta shimfiɗu a kan rairayi, ta bi danga, ta haye ƙaya, kuma ba a cika waiwayarta ba sai lokacin da sauran ganye suka bushe ƙurmus, ita kuwa tana nan kore shar.

Ni 'yar ƙasar Daura ce, aure ya kawo ni unguwar Rikkos a Jos. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki inda nake zuba alayyafo da yakuwa, to amma duk shekara da Fabrairu ta raba sai rijiyarmu ta fara ja da baya, kafin ƙarshen Maris mun koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Ruwan da aka saya da kuɗi kuwa ba a zuba wa alayyafo shi. Ina ji ina gani shukar ke ƙonewa, daidai lokacin da ganye ke tsada a kasuwa. Wannan ne ya sa na tuna da yaɗiya, ban da kwaɗayin kwaɗonta da na daɗe ina yi.

Na kira Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda har yanzu take ƙauye.

"Gwaggo, irin yaɗiya nake so ki samo mini."

"Ke 'yar nan, yaɗiyar ce ake shukawa? Ai ita Allah ke shuka ta."

"A nan bai shuka mana ba, Gwaggo, shi ya sa nake so in gwada."

Ta ce to, in dai haka ne sai in yi haƙuri har 'ya'yan su ƙosa, domin ɗanye ba ya fitowa, wanda ya fashe kuwa iska ta riga ta kwashe. Da lokaci ya yi ta aiko mini da su a ƙulle cikin tsumma, ta hannun wani direba da ke sauke fasinja a tashar Bauchi Road.

Ɗan yaɗiya dogo ne mai tsini, kamar siririyar kuɓewa. In ya bushe sai ya tsage ta gefe ɗaya, a ciki ga iri falle-falle masu launin ƙasa an jera su, kowanne da tuntun farin gashi mai laushi a kansa. Duk wanda ya taɓa fasa ɗan tumfafiya ya san wannan tsari, domin dangi ɗaya ne. A cikin dangin akwai fataka, wadda majema ke cire gashin fata da ita, akwai karan masallaci, akwai kalimbo na can cikin hamada. Masana tsirrai suna kiran yaɗiya Leptadenia hastata, tumfafiya kuma Calotropis procera. Ana samun yaɗiya tun daga Senegal har Habasha, duk a yankin da ruwan sama bai da yawa. Na zauna a ɗaki na rufe taga na tsinke gashin daga jikin irin, don ko numfashi mai ƙarfi ka yi sai su tashi sama.

Babban aikin duka a wajen ƙasa yake, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, ruwan da ke sauka a shekara ya kai milimita 1,400 ko kusa da haka, wato ya ninka na ƙasarmu Daura. Ga jar ƙasa mai riƙe ruwa, ga sanyi. Duk abin da ya sa dankalin turawa da kabeji ke jin daɗin Filato, shi ne abin da yaɗiya ba ta so. Gwaggo ta faɗa mini a taƙaice: "Ki nemo mata ƙasa irin ta gida, kar ki shagwaɓa ta."

Na aiki yara wajen masu buga bulo suka sayo mini yashin rafi, mai ɗan kauri, ba laushin da ake yin filasta da shi ba. Na haɗa kashi biyu na yashi da kashi ɗaya na ƙasar bayan ɗaki, na barbaɗa ɗan busasshen kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Takin zamani ban sa ko ƙwaya ba. Na samu tsofaffin buhunan shinkafa, na huhhuda gindinsu da wuƙa, na zuba tsakuwa kamar taƙi ɗaya a ƙasa, sannan na cika da haɗin. Na ɗora kowane buhu a kan bulo biyu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, na jera su a jikin katangar da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Katangar na shan zafi da rana, da dare ta riƙa sakinsa, abin da shukar ƙasar zafi ke bukata ke nan a garin sanyi. Ragowar irin kuma na shuka shi kai tsaye a fili, a jar ƙasar kamar yadda take, don in ga bambanci da idona.

Ban shuka da hunturu ba. Daren Disamba da Janairu a Jos sanyi kan sauko kusa da digiri 10, iri sai ya kwanta a ƙasa ya ƙi motsi. Na bari sai da bazara ta kama sosai, gab da ruwan farko. Ba a binne irin da zurfi. Ɗan rami da kan yatsa, a saka uku ko huɗu, a rufe sama-sama, a yayyafa ruwa da hannu. A wannan matakin kaɗai ne yaɗiya ke son danshi kullum, shi ma ba jagwab ba. Ruwan ɗaurayar shinkafa da na alwala ya ishe ni.

Ba a daɗe ba suka ɓullo, ganye biyu ƙanana a kan siririn kara. Sai kuma suka tsaya. Makonni suna wucewa, ba tsawo ba faɗi. Maigida ya leƙa ya ce, "Anya abin nan naki zai yi kuwa?" Na tone guda ɗaya daga cikin waɗanda zan rage, na nuna masa: abin da ke sama bai kai tsawon yatsa ba, amma saiwar ta ninka shi sau da yawa, fara, ta miƙe sak tana neman ƙasa. Haka ɗabi'arta take, sai ta gama gina ƙasa take waiwayar sama, kuma wannan saiwar ce ke riƙe ta da rani. Shi ya sa ba ta son dashe. In za a rage, a tsinke masu rauni a bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu a buhu, kada a ce za a cire a kai wani wuri. A wannan ƙuruciyar abokan gabanta kaji ne da ƙadangaru. Tsohon kwando na kifa wa kowane buhu har suka yi ƙwari.

Da damina ta zauna sai suka fara miƙa hannu. Reshe ya fito, ya yi ta lilo a iska yana neman abin kamawa. Na kafa sanduna, na ɗaura igiyoyi zuwa ƙusoshin da na buga a katanga. A daji ba wanda ke yi mata wannan, a ƙasa take yaɗuwa abinta, amma rairayin jigawa yana shanye ruwa nan take, ƙasar Jos kuwa ganyen da ya kwanta a kanta ruɓewa yake yi. Ganyen nata ba kamanni ɗaya ba ne: wani dogo mai tsini, wani mai faɗi da kunnuwa biyu a gindi, duk a jikin reshe guda. Launinsa kore ne mai ɗan toka-toka, da kauri in ka taɓa.

Marka ce ta raba gardama. A Yuli da Agusta, lokacin da Jos ke kwana ta wuni cikin ruwa, rana ba ta leƙowa, waɗanda ke fili suka fara rawaya daga ƙasa. Na taɓa gindin ɗaya na ji ya yi laushi, da na ja sai ya taho, saiwar ta yi baƙi tana wari. Kusan duk na fili haka suka tafi, sai guda ɗaya da ya dace da ɗan tudu kusa da tarin tsakuwa. Na buhu kuwa ko gezau. Abin da na ƙara musu kawai shi ne na ja su ƙarƙashin bakin kwano, inda feshi ke samunsu amma indararo ba ya zuba a kansu. Akwai yammacin da aka yi ruwa da ƙanƙara, irin wanda mutanen Jos suka sani, ya farfasa ganyen ya kakkarya kan rassan. Na datse wuraren da suka raunata, kowane wuri ya fito da toho biyu a maimakon ɗaya. Daga nan na gane cewa yanka ba ya cutar da ita, ƙara mata yawa yake yi.

Ƙwari iri biyu na gani. Akwai wasu ƙanana masu launin ɗorawa da ke taruwa cunkus a kan toho suna tsotsa, tururuwa na bin su. Waɗannan ruwan sabulu da ɗan toka ya ishe su, ko a murje su da yatsa. Sai kuma tsutsa mai zane fari da baƙi da rawaya, wadda ke zama malam-buɗe-littafi mai jan fiffike da baƙin baki, irin wanda ke yawan zagaya tumfafiya. Ita tana cin ganye sosai, amma ba ta da yawa, da hannu nake ɗauke ta. Ganyen da zan ci ba na fesa masa maganin ƙwari, kuma ban ga dalilin yi ba.

Ruwa ya ɗauke a Oktoba. Na riƙa rage ban ruwa a hankali, har ya zama sai na tura yatsa cikin buhun na ji ya bushe ƙarau sannan in zuba kofi biyu ko uku. Da sanyi ya tsananta girma ya tsaya cak, wasu tsofaffin ganyen suka zube, ƙurar hunturu ta rufe sauran. Wanda bai sani ba zai ce ta mutu, ya kama ɗura mata ruwa, a nan ne kuwa zai kashe ta, domin sanyi da jiƙa in suka haɗu a saiwarta ba ta kai labari. A lokacin gindin ya fara kauri, ɓawonsa ya yi fari-fari yana tsattsagewa, alamar ta zama itace daga ƙasa. Da zafi ya fara dawowa a ƙarshen Fabrairu, rijiya na ƙafewa, yakuwar bara ta zama kara, sai ga sabon toho ta ko'ina, mai laushi, kore shar. Na daɗe tsaye a gabanta ran nan, raina fes.

Wajen tsinka, kan reshe ake ɗauka, ganye huɗu zuwa shida na ƙarshe, tare da furen in akwai. Furen ƙanana ne, a dunƙule, fari mai ɗan kore, da ƙamshi mai sauƙi, kuma shi ne ya fi komai daɗi a kwaɗo. Tsohon ganye ya cika ɗaci da tauri. Inda aka tsinka wani ruwa mai danƙo na fitowa. Bai kai na tumfafiya haɗari ba, wanda in ya shiga ido yake iya yi masa mummunan lahani, amma duk da haka ina hana yara sosa ido in suna taya ni, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu. A shekarar farko ban matsa mata ba, kaɗan-kaɗan nake ɗiba don gindin ya yi ƙarfi.

Ga yadda nake dafawa, yadda na gani a gidanmu. A wanke ganyen, a zuba a tafasasshen ruwa da ɗan gutsuren kanwa. Kanwar na sa ya yi laushi da wuri, amma in ta yi yawa sai ya dagargaje ya yi santsi. In ya nuna a tsiyaye ruwan a zubar, a ɗauraye da ruwan sanyi, a dunƙula a matse da hannu biyu sosai. Wanda ba ya son ɗaci ko kaɗan sai ya sake tafasawa a sabon ruwa. Ni sau ɗaya nake yi, don ɗan ɗacin da ke saura a bayan harshe shi ne yaɗiyar. Daga nan a warware ta a kwano, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli mai yawa, da yaji, da gishiri, da albasa, da tumatir in akwai, a ɗiga man gyaɗa, a cuɗa da hannu. A bar shi ya ɗan zauna kafin a ci, ƙulin ya sha danshi. Ana kuma haɗa ta da tsaki a turara dambu, kamar yadda ake yi da zogale ko rama, sai dai ita dole a fara tafasa ta tukuna.

Abin da ban taɓa gani a gida ba, a nan na koya. Surukata haifaffiyar Jos ce, gwaten acca shi ne abincinta. Da na kai mata kwaɗon ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ƙara loma.

"Wannan ai zai yi gwate. Gobe ki kawo mini dafaffen, kar ki sa ƙuli."

"Hajiya, da ɗaci fa."

"Gautan da muke sawa zaƙi gare shi?"

Ta zuba ta a gwaten tare da yakuwa, tsamin yakuwar ya danne ɗacin, ganyen kuma bai narke ya ɓace ba kamar yadda alayyafo ke yi. Tun daga ranar, da bazara gwatenmu da yaɗiya ake yin sa.

Ba kowa ne ya karɓe ta haka ba. Wata maƙwabciyata, mutuniyar Maraɗi, da ta gan ta a katanga sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Maman yara, abincin yunwa kika shuka a gida?" Ban ga laifinta ba. Ta ga 2005 da idonta, shekarar yunwar da fari da fara suka jawo a Nijar, mata suka bazu daji neman anza da jiga da yaɗiya. Iyayenmu ma suna ba da labarin farin 1973 da na 1984 da irin ganyayen da suka riƙe mutane. Wanda ya ci abu don dole, ganinsa ma tayar masa da hankali yake yi. Amma ni a wurina ganyen da ya tsaya wa mutane ranar da gero ya ƙare bai cancanci raini ba. Mun ɗauki kabeji da latas mun ɗora a kai saboda da kuɗi ake saye, ga su da shan ruwa da taki da feshi, mun bar namu da ba ya neman komai. 'Yata da ke karatu a Jami'ar Jos ta nuna mini wani bincike da aka buga a 1998 a kan ganyaye bakwai da ake ci a Nijar, ciki har da zogale da yakuwa da jiga da yaɗiya. An samu yaɗiya na ɗauke da sinadarin kalsiyam da kuma wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Maƙwabciyar tawa ba ta ci ba har yau, ban kuma matsa mata ba, amma takan aiko a tsinkar wa mahaifiyarta in ta zo.

Batun magani kuwa, tun da aka san ina da ita ake sallama. Wannan ya ce hawan jini, wancan ya ce ciwon suga, wata ta ce mura ko ƙuraje. Gaskiya ne a gargajiyance ana amfani da ita a kan waɗannan, ana kuma ɗiga ruwanta a kan rauni. Ina ba duk wanda ya roƙa, amma ina faɗa masa ni a matsayin abinci na san ta: a dafa, a zubar da ruwan, a ci. Mai shan maganin asibiti kada ya ajiye shi saboda ganye. Masu jiƙa ɗanyen ganye su yi ta sha safe da yamma su ne ke ba ni tsoro, domin dangin tumfafiya ba abin wasa ba ne. A Burkina Faso makiyaya sun daɗe suna cewa dabbar da ta cika cin ta haihuwarta na raguwa, kuma da masu bincike suka gwada ruwan ganyen a kan ɓeraye maza sun ga alamar hakan. Saboda haka mai ciki da mai neman haihuwa ba na ba su don jiƙo. Awakina ma ragowar da na datse kawai nake watsa musu jefi-jefi, a haɗe da harawa.

In ta yi yawa nakan shanya. A tafasa sama-sama, a matse, a baza a tabarma a inuwa inda iska ke ratsawa. Da rani a Jos ba ta ɗaukar lokaci. A zuba a gwangwani mai murfi, ranar da ake so a jiƙa da ruwan ɗumi.

A shekara ta biyu ta yi 'ya'ya. Da na ga sun fara sauya launi daga kore zuwa ruwan ƙasa, na yayyanka tsohon gidan sauro na ɗaure kowanne a ciki, don in ya fashe irin ya tsaya. Da shi na raba wa mata uku a unguwa da wani dattijo mai lambu a bakin rafin Dilimi, wanda ya ce zai gwada ta a kan tudun da ruwan injinsa ba ya kaiwa. A wannan shekarar ce kuma saiwar ta huda gindin buhunan ta sauka tsakanin bulo tana neman ƙasa, buhunan ma rana ta cinye su. Ban tumɓuke ba. Na tara tsakuwa da yashi na yi tudu mai tsawon gwiwa a jikin katangar, na zare bulon a hankali, na yanke buhun ta gefe, na zaunar da dunƙulen ƙasar yadda yake a tsakiyar tudun, na rufe. Na datse rassan duka na bar kamar kamu ɗaya daga gindi, na yi haka gab da faɗuwar ruwa don sabon toho ya tarar da damina. Na kuma fitar da 'yar hanyar ruwa a gaban tudun zuwa magudana, yadda ko marka ta yi mako ba ruwan da zai kwanta a gindinta.